Yadda muka yi fama da kdump a sabar da memorinta ke kulle da SME

Duk mai kula da sabar Linux ya san kdump, tsarin da ke adana abin da ke memori in kanel (zuciyar Linux) ya faɗi don a bincika, ko da bai taɓa buɗe fayil ɗin da yake fitarwa ba. Ana ware wani yanki na memori da crashkernel=, a loda kanel na biyu a ciki ya zauna yana jira, ranar da na farko ya faɗi sai kexec ta yi tsalle kai tsaye zuwa na biyun ba a bi ta BIOS ba, shi kuma ya kwashe abin da na farkon ya bari ta /proc/vmcore ya rubuta a diski. Tun 2005 abin yake cikin kanel, kuma a injin da ba a kulle memorinsa ba iyakar labarin ke nan, ka buɗe fayil ka karanta. To mu a wurin aikinmu an kawo sababbin injuna masu AMD EPYC na zamanin Milan, ɓangaren tsaro suka ce dole a kunna SME, tsarin AMD na kulle memori, a kansu saboda akwai bayanan kwastomomi, aka kunna a BIOS aka ƙara mem_encrypt=on a layin kanel, muna kan kanel 5.15 da muke haɗawa da kanmu, sai ɗaya daga cikin injunan ta fara faɗuwa duk lokacin da aka yi mata lodin netwok mai nauyi, galibi cikin dare lokacin da ake kwasar bakof.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne kat ɗin netwok ɗin da ke cikinta irin wanda ke cikin tsofaffin injunanmu ne na Rome, zamanin EPYC da ya gabaci Milan, direba ɗaya, kanel ɗaya, su ma SME a kunne, amma su ko tari ba sa yi.

Bari in ɗan faɗi yadda SME yake aiki don sauran labarin duk a kansa ya rataya. Akwai injin AES a cikin abin da ke sarrafa memori na firosesa, duk abin da za a rubuta a RAM sai ya bi ta cikinsa. Makullin kuma ba kanel ne ke ƙirƙirarsa ba, wani ɗan ƙaramin firosesa na tsaro da ke cikin cif ɗin ne yake zaɓo shi da ka duk lokacin da inji ya tashi, kuma babu wata manhaja da za ta iya karanta shi, ko kai root ne ko kai waye. Kanel abin da kawai yake da iko a kai shi ne ya ce wannan shafin a kulle, wancan a buɗe, kuma yana faɗa ne da bit guda ɗaya a cikin teburin shafuka, wanda ake kira C-bit. In bit ɗin yana kunne a shigarwar shafin, injin AES zai buɗe abin da aka karanto kafin ya miƙo maka, in yana kashe zai miƙo maka abin da ke kwance a RAM yadda yake. Wurin zaman bit ɗin ba ɗaya ba ne a kowane zamani, a Naples (zamanin EPYC na farko) da Rome bit na 47 ne, a Milan na 51, in kana son ganin naka cpuid ta ganye 0x8000001f tana faɗa a ƙananan bit shida na EBX. Ku riƙe wannan 47 da 51 ɗin, za mu dawo kansa har sau biyu.

Abin da ke sa kdump ya yiwu a irin wannan inji shi ne kexec ba ta risetin na'ura, don haka makullin yana nan daram lokacin da kanel na biyu ya farka. Da zarar an yi ribut na gaske kuwa, an zaɓi sabon makulli, tsohon ya tafi ke nan har abada. Ma'ana duk wani karatu da za a yi wa tsohon memorin to a wannan ɗan tsakanin za a yi shi, kuma dole a yi shi daidai.

Faɗuwar farko da muka samu fayil, da safe na shiga /var/crash na tarar babu vmcore-dmesg.txt, babu ƙaramin vmcore, wato fayil ɗin memorin, irin wanda makedumpfile, manhajar da ke tace shi, ke fitarwa, sai wani ƙaton fayil da ya kusa cinye diskin, saboda akwai wani ɗan sikirif a tsarinmu da ke cewa in makedumpfile ya kasa to a kwafe /proc/vmcore ɗanyensa. Na gwada matse shi da zstd don in tura shi injin da muke bincike, ya ƙi raguwa, kusan yadda ya shiga haka ya fito. Wannan kaɗai ya isa alama, domin memorin saba rabinsa sifili ne da shafukan da ba kowa a ciki, yana matsuwa sosai. Na yi hexdump a wurare daban-daban, ko layi ɗaya na sifili ban gani ba, ko'ina hargitsi, don SME yana cakuɗa adireshin wurin a cikin lissafin, shafuka biyu na sifili ma ba za su fito iri ɗaya ba. Na bi shi da strings na bar shi yana gudu, can sai ga wasu 'yan tsibirai na rubutu mai ma'ana, kawunan fakitin HTTP, sunayen wasu injunanmu, sai kuma a koma hargitsi. A lokacin ban tsaya a kansu ba, daga baya ne suka yi mini bayani.

Abokin aikina ya leƙo ya ce, "Malam, ba za a iya buɗe shi da wani abu ba ne? Ai injin namu ne." Na ce masa ɗan'uwa ko su waɗanda suka ƙera cif ɗin ka kai wa wannan fayil ba abin da za su iya yi maka, makullin ya mutu tun lokacin da injin ya yi ribut. Muka goge shi don mu samu wuri.

Daga nan na daina jiran dare. Muka cire injin daga aiki, na haɗa allon siriyal ta IPMI, wato ipmitool da sol activate, na sa console=ttyS1,115200 a layin kanel na biyu, na canza kdump.conf ya ce failure_action shell don in abu ya lalace ya bar ni a cikin kanel na biyun maimakon ya yi ribut ya tafi da makullin. Sannan echo c > /proc/sysrq-trigger don in faɗar da kanel da gangan. Wallahi in ba ka taɓa kallon kanel na biyu yana tashi ta siriyal ba to ba ka san abin da kdump ɗinka ke yi ba, kawai kana ganin 1 a /sys/kernel/kexec_crash_loaded kana jin daɗi, alhali wannan 1 ɗin abin da yake nufi kawai an loda, ba wai zai yi aiki ba.

A allon na ga gargaɗi yana ta maimaituwa, Exceeded p_memsz, dropping PT_NOTE entry, da wasu lambobin girma na hauka a gabansa. Kuma layin da na saba gani a farkon dmesg na kanel na farko, wanda ke cewa AMD Memory Encryption Features active: SME, babu shi sam a na biyun. Na yi cat /proc/cmdline a shel ɗin, babu mem_encrypt=on. Ashe tun zamanin da, wani ya rubuta KDUMP_COMMANDLINE gaba ɗayansa da hannu a /etc/sysconfig/kdump, maimakon a bar shi ya gaji layin kanel na farko ya ɗan ƙara ya ɗan rage. A tsofaffin kanel ɗinmu wannan bai dami kowa ba don ana haɗa su da zaɓin da ke kunna SME da kansa, amma a 5.15 an daina kunna wannan zaɓin kai tsaye, sai ka nema da bakinka. To kanel na biyu ya tashi bai san ana wani abu wai shi C-bit ba, yana karanta tsohon memori tsirara.

Abin da ya sa ma ya iya fitar da /proc/vmcore shi ne kan fayil ɗin na ELF, wanda ke lissafa ina da ina memori yake, kexec tana rubuta shi a buɗe tun lokacin lodi. Amma bayanan da ke biye da shi, rajistocin kowane CPU a lokacin faɗuwa da kuma VMCOREINFO, suna cikin memorin tsohon kanel ne a kulle. Shi ya sa fayil ɗin yake da siffar vmcore, readelf ma zai nuna maka sassansa tsaf, amma cikinsa babu komai. Shi kuwa makedumpfile in babu VMCOREINFO makaho ne, nan ne yake samun adireshin teburin shafuka da girman struct page da inda KASLR ya jefa kanel. Kanel kansa ya iya wannan aikin tun 4.20, lokacin da aka shigar da ioremap_encrypted da copy_oldmem_page_encrypted, amma sai SME yana kunne a kanel na biyun zai bi wannan hanyar.

Na cire layin hannun nan na bar shi ya gaji na farko. Na sake faɗar da injin. Wannan karon layin SME ya fito, gargaɗin PT_NOTE ya ɓace, sai kuma memori ya ƙare, OOM ya kashe makedumpfile tun bai yi nisa ba. crashkernel ɗinmu 256M ne, kuma in SME na kunne kanel yana ware SWIOTLB, wani yankin memori da ake bi da bayanan na'urori ta cikinsa, ko da injin ba ya buƙatarsa a da, megabayit 64 ke nan sun tafi tun kafin a fara komai, ga initramfs, ga direbobin diski da ke son nasu kason. Na mai da shi 512M, wannan kam sai da ribut don ana ware yankin ne tun farkon tashi. Ba wani abin zurfi a nan, lissafi ne kawai, amma yana cin lokaci don irin waɗannan injunan kafin su gama gwajin memori su tashi ka sha shayi ka dawo.

Gwaji na gaba ya fito lafiya. A shel ɗin kanel na biyu kafin in bar shi ya rubuta, na yi grep -a sme_mask a farkon /proc/vmcore, ya fito da NUMBER(sme_mask)=2251799813685248, wanda in ka mai da shi hex 0x8000000000000 ne, bit na 51 shi kaɗai. Wannan layin tun 5.1 kanel ke saka shi a VMCOREINFO, makedumpfile kuma tun 1.6.6 yake amfani da shi, kuma dalilinsa shi ne ko da kanel na biyu ya buɗe maka shafukan, abin da ke rubuce a cikin teburin shafukan tsohon kanel yana nan da C-bit ɗinsa a maƙale da kowane adireshi, duk manhajar da za ta bi teburin sai ta share bit ɗin kafin ta nemi shafi na gaba. makedumpfile -d 31 ya gama cikin 'yan mintuna, fayil ɗin ya fito 'yan gigabayit, vmcore-dmesg.txt ana karanta shi kamar kowane.

Na kai shi injin bincike, na haɗa da vmlinux mai alamomin dibog, na buga crash, manhajar buɗe vmcore, sai ya tsaya da seek error, physical address, ga wata lamba mai harafi goma sha uku da ta fara da 8000, type p4d page. Ka ga 51 ɗin nan ya sake dawowa. Adireshin da yake nema ya wuce fetabayit biyu, injin da RAM ɗinsa bai kai terabayit ɗaya ba. crash ɗin da ke kan wannan injin tsoho ne, bai san sme_mask ba, yana ɗaukar bit ɗin a matsayin ɓangaren adireshi. Na janyo sabon daga GitHub na haɗa shi, ya ɗan daɗe don yana haɗa gdb ɗinsa a ciki, na sake bugawa ya buɗe. Mai amfani da drgn, wata manhajar irin crash, shi ma ya duba nasa kafin ranar buƙata.

Yanzu kayan aiki sun daidaita, saura ainihin cutar. Muka mai da injin kan lodi, ba na kwastomomi ba, iperf3 da rafuka masu yawa daga injuna biyu haɗe da kwasar bakof ta gwaji, muka bar shi. Ya faɗi, kuma wannan karon muka samu fayil mai kyau.

A cikin crash, log (saƙonnin kanel) na fara bugawa kafin bt (jerin kiran da ya kai ga faɗuwa), al'adata ce, don sau da yawa abin da ya kashe kanel ya riga ya yi magana tun da daɗewa. Daƙiƙu kaɗan kafin faɗuwar ga layuka daga kat ɗin netwok: swiotlb buffer is full, total 32768 slots, used kusan duka. 32768 sau kilobayit 2 shi ne megabayit 64 ɗin nan. Na tsaya ina kallon layin, me ya kai kat na zamani a inji na zamani cikin SWIOTLB? Wannan abu ne da aka yi don tsofaffin na'urori da ba sa iya kaiwa memorin da ke sama da gigabayit 4.

Amsar tana cikin dma_mask. Na bi struct pci_dev na kat ɗin na karanta, 0xffffffffffff, bit 48. Kat ɗin yana iya furta adireshi mai bit 48 ne kawai, wato daga 0 zuwa 47. In na'ura za ta yi DMA, wato ta karanta ko ta rubuta memori da kanta, kai tsaye cikin shafin da ke kulle dole adireshin da aka ba ta ya ɗauki C-bit. A Rome bit na 47 ne, ya shiga cif-cif, ƙyar da ƙyar amma ya shiga, shi ya sa tsofaffin injunan ba su taɓa kuka ba. A Milan na 51 ne, kat ɗin ba shi da bakin faɗarsa, to sai kanel ya koma tsarin zaure: baƙo ba ya shiga cikin gida, duk abin da za a ba shi sai an fito da shi zaure, abin da ya kawo ma a nan zai ajiye a shigar da shi. SWIOTLB shi ne zauren, yanki ne da kanel ya bari a buɗe, kowane fakiti sai an kwafe shi can kafin kat ya ɗauka, kuma megabayit 64 ba komai ba ne ga kat mai layuka da yawa da kowanne ya riƙe ɗaruruwan bafa yana jiran fakiti. Nan ne kuma na gane tsibiran rubutun da na gani a ƙaton fayil na farko, abin da ke zauren ne, shi kaɗai ne dama ba a kulle ba.

Da IOMMU, ɓangaren da ke tsakanin na'urori da memori, yana fassara adireshi da duk wannan bai taso ba, don shi zai ba kat ɗin ƙaramin adireshi ya saka C-bit a nasa teburin. Kanel ma ya san haka, in ya ga SME yana kashe passthrough, wato barin adireshi ya wuce ba fassara, da kansa, sai dai in ka tilasta masa a layin kanel. Mu kuwa iommu=pt, mai tilasta passthrough ɗin, yana cikin layin duk injunanmu tun fil azal saboda gudu, ba wanda ya sake waiwayarsa.

Amma cikar SWIOTLB ba ta isa ta kashe kanel ba, abin da ya kamata ya faru shi ne a zubar da fakiti TCP ya sake turowa. bt ya nuna general protection fault a hanyar turawa, daga net_tx_action zuwa __qdisc_run zuwa sch_direct_xmit zuwa dev_hard_start_xmit sannan cikin aikin turawa na direban kat ɗin, wanda ba na cikin kanel ba ne, na kamfanin da ya sayar mana ne muna haɗa shi da DKMS. Na loda alamominsa da mod -s, na yi bt -f na tono adireshin skb, wato bayanin fakiti a cikin kanel, daga sitak, na buga struct sk_buff a kansa. Filayen ba su yi kama da na fakiti mai rai ba, wasu ma'ana wasu shirme. Na buga kmem da adireshin, ya ce skbuff_head_cache ne, kuma ya nuna shi ba a cikin baka mai kusurwa ba, a crash duk abin da ke hannun wani yana fitowa cikin wannan bakan, wanda babu to an riga an sake shi. Wato ana ƙoƙarin tura fakitin da aka riga aka 'yanta. Na so in ga bayanan cikin fakitin, rd ya ce page excluded, -d 31 ya zubar da shafin tun da ya koma hannun kanel a matsayin fanko, wannan ma ƙarin shaida ne.

To wa ya sake shi kuma wa ya mai da shi layi? dis -l a kan aikin turawar, na gangara zuwa inda ake tsalle in dma_map ya kasa. Layi biyu ne a jere, call __dev_kfree_skb_any, sai mov $0x10,%eax, sai a fita. 0x10 shi ne NETDEV_TX_BUSY. Duk wanda ya taɓa rubuta direban netwok ya san ƙa'idar, in ka ce BUSY to fakitin ba naka ba ne, kar ka taɓa shi, qdisc, mai riƙe layin fakitoci, zai mai da shi layi ya sake kawo maka, in kuwa ka sake shi to ka ce NETDEV_TX_OK ko da ba ka tura ba. Wannan ya yi duka biyun. Na buɗe sos ɗin a /usr/src na ga haka yake a rubuce ƙuru-ƙuru. Gaskiya ban ma ga laifin wanda ya rubuta sosai ba, hanya ce da a inji na yau da kullum ba a taɓa bi ta cikinta, dma_map ba ya kasawa in babu SWIOTLB a tsakani, to wa zai gwada ta?

Akwai abu ɗaya da na so in gani ban samu ba, kuma ina ganin shi ne abin da ya fi cancanta mutum ya sani kafin ya ɓata yini. Na so in duba zoben diskirifta na kat ɗin, jerin da yake bi don sanin bafan da zai tura ko ya cika, in ga ina ya tsaya. Na samu adireshin zoben daga struct na direba, na yi rd, hargitsi. Duk abin da ke kewaye da shi yana karantuwa, shi kaɗai ne shirme, har na fara zargin kat ɗin ne ya rubuta shara a kai. Sai na yi vtop a kan adireshin na kalli PTE ɗin, wato shigarwarsa a teburin shafuka, ya fara da 8000, na yi vtop a kan wani struct na kusa, nasa ya fara da 8008. Wannan 8 ta farko bit na 63 ne na hana gudanarwa, 8 ta biyun ita ce C-bit. Zoben ba shi da ita. Tun da kat ɗin ba ya iya C-bit, kanel na farko ya ware masa zoben a buɗe da set_memory_decrypted, shi kuma kanel na biyu ba ya tambayar wane shafi ne a kulle wane ne a buɗe, duk tsohon memori yana karanta shi da C-bit a kunne, to injin AES ya "buɗe" abin da dama a buɗe yake ya mai da shi shara. Don haka a vmcore na injin SME, zobunan DMA na irin waɗannan na'urori da duk abin da ke SWIOTLB ba abin yarda ba ne, kuma ba lalacewa ba ce, kar ka rubuta wa kowa rahoto cewa na'ura ta ɓata memori kafin ka duba PTE. Fayil na farko da muka goge shi ne yake da waɗannan a fili, sai dai shi kuma ba shi da taswirar da za ta kai ka wurinsu.

Don mu tabbatar, na sa swiotlb=2048 a layin kanel, megabayit 4 kacal, injin ya riƙa faɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci da fara iperf3, bt iri ɗaya kowane karo. Na gyara layi ɗaya a direban, BUSY ya koma OK, na sake haɗawa, saƙon buffer is full ya ci gaba da zuba, gudun ya zama abin tausayi, amma injin ya tsaya da ƙafarsa. Sannan na cire iommu=pt da swiotlb= ɗin, na sa ido a /sys/kernel/debug/swiotlb/io_tlb_used, ya zauna ƙasa ko ana tsakiyar lodi, gudun ya dawo. Wani ya kawo shawarar a bar iommu=pt a ƙara swiotlb=262144 kawai, megabayit 512, na ce a'a, kwafar kowane fakiti tana nan, kuma tun da yanzu kanel na biyu yana gadon layin na farko, in ba swiotlb a cikin KDUMP_COMMANDLINE_REMOVE to zai nemi 512 a cikin 512 ɗin da aka ware masa gaba ɗaya. Na duba namu na tabbatar yana ciki.

Da muka tura wa masu kat ɗin rahoto, amsar farko ita ce mu ɗora musu vmcore ɗin a shafinsu. Na je wurin ogana na ce, "Oga, suna son fayil ɗin gaba ɗaya." Ya ce ai memorin a kulle yake ko, ba shi ya sa muka kunna abin ba? Na ce ranka ya daɗe a RAM ne yake a kulle, wannan fayil ɗin kanel na biyu ya riga ya buɗe komai kafin ya rubuta, in ba haka ba ai da ban karanta shi ba. -d 31 yana zubar da shafukan sifili da kash da na manhajojin masu amfani da na fanko, amma memorin kanel yana nan, kuma a nan makullan dm-crypt suke zaune, da abin da ke keyring, da fakitocin da ke kan layi. Ya yi shiru ya ce to kar ya fita daga gidan nan. Muka tura musu log da bt da fitowar dis da facin layi ɗayan. Mu kuma muka lura /var/crash ɗin kansa a kan diskin da ba a kulle ba yake, muka mai da kdump ya riƙa turawa ta ssh zuwa wani inji da aka killace, wanda hakan ya sa sai da na sake gwajin sysrq don yanzu kanel na biyu yana buƙatar netwok, da wannan kat ɗin dai, da wannan direban.

Masu TSME, wanda BIOS ke kulle komai ba tare da kanel ya sani ba, duk wannan wahalar ba ta shafe ku ba, babu C-bit a teburinku, kdump zai yi aiki yadda ya saba. Masu injunan gaibu na SEV kuma naku ya ɗan bambanta, kowane baƙon inji da makullinsa, in ka yi virsh dump daga mai masauki abin da za ka samu irin ƙaton fayil ɗinmu na farko ne, dole kdump ya zauna a cikin baƙon, kuma a can kusan duk DMA ta SWIOTLB take bi don haka crashkernel ɗin sai an ƙara masa.

Sauran injunan Milan ɗin duk mun bi su ɗaya bayan ɗaya, a cire daga aiki, a gyara layin, a faɗar da shi da sysrq ana kallo ta siriyal, a buɗe fayil ɗin da crash a ga sys da bt sun fito, sannan a mai da shi. Har yanzu sabon direban da masu kat ɗin suka fitar bai ɗauki gyaran ba, don haka facin yana zaune a cikin dkms.conf ɗinmu, duk sabuntawa sai an duba ko ya hau.